Izu Biyu a Hayin Kogi

Ƙarfe uku da minti ashirin na yamma, ranar Talata, jajibirin Babbar Sallah, mutumin da ke bayan tagar biza ya jawo marfin katako ya rufe. Na riƙe lokacin ne saboda agogon bangon da ke saman kansa, shi nake kallo tunda na shiga layi. Saura kaɗan a zo kaina.

A Roso ne wannan, bakin Kogin Senegal. Gari biyu ne masu suna ɗaya, ɗaya a ƙasar Muritaniya, ɗaya a hayi cikin ƙasar Senegal, jirgin fito na kai da komo tsakaninsu.

Sunana Ramatu, 'yar Fassi ce ni a ƙasar Kibiya. A lokacin ina karatun Alƙur'ani a Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, a gaban wata dattijuwa da muke kira Malama Zainabu. Bizata ta zo ƙarshe, kuma hanyar da ɗalibai baƙi ke bi sananniya ce: ka sauko kudu, ka haye Senegal inda fasfon Najeriya ba ya bukatar biza, a buga maka hatimi, ka juyo a yi maka sabuwa a bakin kogi. Wuni guda ya isa. Ya kamata in yi tafiyar tun makon da ya wuce, amma hakan na nufin in tsaya gaban Malama in nemi ta ɗaga mini karatu na kwana ɗaya. Na shirya maganar a raina sau da yawa, bakina ya ƙi buɗewa. Na bari sai da ta rufe zama don Sallah, ranar da ta rage mini ke nan a bizar.

Ga abin da ke gabana. Na karanta wa Malama Alƙur'ani da ka tun daga Baƙara, izu bayan izu, tana zaune dab da ni tana kallon bakina. Saura izu biyu in sauke ta ba ni ijaza, shaidar cewa a gabanta na karɓi karatun. Ta sa mini Asabar ta bayan Sallah. Lahadi kuma za ta bar birnin gaba ɗaya, ta koma wurin danginta a kudu cikin rairayi, domin gwiwoyinta sun gaza, ta ce ta naɗe tabarmar koyarwa. Mace ce da ba ta maimaita magana. Na taɓa ganin ɗalibar da ta makara ta tsaya a ƙofa har aka tashi, Malama ba ta ko ɗaga kai ba. Mahaifina, Baffa, malamin allo ne a Fassi, bai taɓa samun ijaza ba. Duk wayar da muka yi, tambayarsa ɗaya ce: saura izu nawa?

Da safe komai ya tafi daidai. Na fita, na haye, an buga, na juyo. Sai tagar ta rufe.

Na je wurin wani jami'i da ke zaune a kan benci yana firfita da hularsa. Na yi masa sallama, na yi bayani da Larabcin da na iya, na littafi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya juya wurin abokinsa ya ce, "Ji yarinya tana magana kamar huɗubar Juma'a." Suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Sannan ya ce mai aiki da na'urar biza ya tafi garinsu Sallah, garin kuma da nisa.

Na ce, "Yaushe zai dawo?"

Ya ce, "Litinin, in Allah ya so."

Na ce, "Ina da karatu ranar Asabar."

Ya buɗe hannuwansa. "'Yata, ni ba ni da mabuɗi. Kuma nan ba za ki tsaya ba, tunda an buga miki fita. Ga jirgi can zai tashi."

Na sake shiga jirgin da ya kawo ni. A wannan karon raguna ne suka cika shi, domin mutanen Senegal sai Alhamis za su yi tasu Sallar, watansu bai tsaya tare da na maƙwabta ba. Na tsaya a jikin ƙarfe, jakata a ƙirji, wani farin rago na tauna gefen hijabina. Ban hana shi ba. Ina kallon gaɓar da na baro tana ja da baya.

Ina sauka sai na ji an ce, "Sannu 'yar'uwa, ina gajiya?"

Da Hausa. Na daɗe ban ji Hausa daga bakin mutum a gabana ba, sai ta waya. Wani siririn mutum ne da rigar 'yan ƙwallo da carbi a wuya. Ya ce sunansa Musa, amma kowa a tashar nan Musa Kano yake ce masa, don ya zauna a Kano. Na tambaye shi wace unguwa. Ya ce, "Duka, duka." Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba, sauran da Larabci muka ƙarasa. Ya ce mai na'urar abokinsa ne, bai tafi ko'ina ba, yana gidan surukansa a bayan gari. In na ba shi kuɗin mota da ɗan abin gaisuwa, kafin magariba zai zo da shi.

Na ba shi. Ya ce in kawo fasfon ma. Nan ne kawai na ƙi, na danne jakata da hannu biyu. Ya ce, "Kai, mutanen Kano, wayo!" Ya nuna mini gindin wata darbejiya ya ce in zauna, kada in motsa.

Ban motsa ba. Aka yi la'asar sakaliya, aka kira magariba, masu sayar da ruwa suka kwashe kayansu. Washegari na hango shi a bakin jirgi yana riƙe da jakar wasu matafiya, yana rantse musu cewa sunansa Musa Bamako. Ya gan ni, ya ɗaga mini hannu kamar mun rabu lafiya.

Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki a bayan tasha. Mai gidan mace ce mai jiki da fara'a, ba ma jin yaren juna. Da aka sauke abinci ta aiko a kira ni. Na leƙa, na ga babban faranti ɗaya na shinkafa da kifi, maza da mata sun kewaye shi, kowa da cokalinsa, an bar mini gurbi. Na dafa cikina na girgiza kai. Ta sake kira, na sake dafa ciki.

Dole in yi bayanin wannan. Innata Bafulatana ce, 'yar Rurum, kuma da fulako ta rene mu. Ba a cewa ana jin yunwa. Ba a ci a gaban baƙi, balle maza. In an yi maka tayi ka ce ka ƙoshi, masu gida kuma sun san abin da ake nufi, za su ajiye kwano su ba ka wuri. Ba a kai kuka wurin babba. Na taso ban san akwai wata hanyar zama da mutane ba. A Fassi wannan bai taɓa sa na kwana da yunwa ba, domin kowa ya san karatun.

Ina da dabino a jaka, guzurin wuni guda. Shi na ci.

Ranar Laraba aka yi Sallah a hayin Muritaniya, aka yi a gida. Da hantsi na ji kabbara tana tasowa ta kan ruwa, tana zuwa tana ɗaukewa da iska. Na kira gida. Baffa ya ɗauka, bayansa hayaniya, kukan babur, na san 'yan'uwan Inna ne suka iso daga Rurum.

Ya ce, "Barka da Sallah, Ramatu. Kun sauko?"

Na ce, "Barkanmu, Baffa."

"Asabar ɗin tana nan?"

Na ce, "Tana nan."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Na gaya wa Liman, na gaya wa kowa a filin idi. Ga Innarki."

Inna ta karɓa. Ta ce suna suyar kayan ciki, ta ware mini ƙoda a ranta tunda ni ce mai son ta. Sannan ta koma Fulatanci. "Muryarki ta yi nisa. Kin ci abinci?"

Na ce, "Na ci."

Ta ce, "To." Irin to ɗin da na san ba ta yarda ba, kuma ba za ta sake tambaya ba. Da ta sake, wataƙila da na faɗa.

Na koma ɗaki na zauna ina tilawar izu biyun. Surorin da yara ke rerawa a makarantar Baffa ne, na iya su tun ban san ma'anarsu ba. Amma ran nan na tsaya cak a tsakiyar Suratul Fajri, na rasa ayar da ke gaba. Na koma farko, na sake tsayawa a wuri ɗaya. Na buɗe mus'hafi, haruffan suna rawa. Abin ya fi rufe taga tsorata ni.

Alhamis Sallah ta hayo wannan gaɓar. Mai masauki ta kwashi iyalinta suka tafi ƙauye tun asuba, ta bar mini mabuɗi. Shaguna a rufe, tasha babu kowa sai awaki. Garin duk hayaƙi da ƙanshin nama. Dabino ya ƙare, ruwan randar gidan ma ya kai ƙasa. Da azahar na ɗauki gora na fita neman famfo, ina bin inuwar katanga don idona na ganin duhu-duhu.

A wani lungu na ji wata mata tana ɗaga murya daga ƙofar gida, tana cewa a kawo mata ndiyam. Ruwa ke nan da Fulatanci, yadda Inna ke faɗa. Na tsaya. Doguwar dattijuwa ce, leɓenta na ƙasa da baƙin zane, manyan 'yan kunne na rinjayar kunnuwanta, hannunta duk jini da kitse. Ban san lokacin da na gaishe ta da Fulatanci ba.

Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta amsa, sannan ta ce, "Wannan Fulatancin a ina kika samo shi? Gwanjo kika saya?"

Nasu ya bambanta da namu, amma in ta yi a hankali ina tsintar mafi yawa. Na ce na Innata ne, 'yar Rurum.

"Rurum ina ne?"

"Kusa da Rano."

"Rano ina ne?"

"Kano."

"Yanzu kika yi magana. Kakana ya ce daga nan naku suka kora shanu suka yi gabas, ba su ko waiwayo ba. Sai yau suka tuna da mu suka aiko ki, ke ma hannu biyu." Ta ce sunanta Kumba, amma in ce mata Nene, wato uwa. Da na faɗi nawa ta mayar da shi Ramata. "Shigo ki ci nama, Ramata."

Na ce, "Mi haari." Na ƙoshi.

Ba ta dubi idona ba, bakina ta duba. Ta ce, "Haka ne. Ga leɓenki nan har ya tsage don ƙoshi." Ta goge hannu a zani. "To tunda kin ƙoshi, zo ki yi mini aiki. Jikata na barci a ɗaki, uwarta ta tafi yawon nuna sabon ɗinki. Zauna kusa da ita, kada ta faɗo daga gado."

Ta kai ni wani ɗaki mai sanyi a ƙuryar gida. Jaririyar na tsakiyar gado, an kewaye ta da matasai, ko mirginawa ba ta isa yi ba. Ina zama Nene Kumba ta dawo da ƙwarya da kwano a rufe, ta ajiye a bayan ƙofa kamar ba da ni take ba. Ta saki labule. Na ji ta a tsakar gida tana kora mutane. "Kowa ya koma baya wurin wuta! Wanda ya tashe mini yarinya zai gamu da ni!"

Dambun gero ne da nono mai kauri, da gasasshiyar hanta. Na ci ina juya wa ƙofa baya, ko da yake babu mai gani. Garin sauri har nono ya zuba a hijabina. Da ta dawo ta ɗauki kwanukan ba ta buɗe ba, ba ta ce komai ba, ni ma ban yi godiya ba, don godiya za ta nuna an ci. Ta ce kawai, "Masaukin can babu kowa. Je ki kwaso kayanki."

Ranar Juma'a da hantsi muka zauna a inuwa muna yanka nama siri-siri don shanya. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ta yi ta ba ni labarin tsadar raguna da surukinta marar kunya, sai can ta ce, kamar da wuƙar take magana, "Mai zuwa ganin gari ba ta yawo da mus'hafi a ƙirji."

Kaina a sunkuye na faɗa mata duka. Taga, Litinin, Musa Kano, izu biyu, gobe Asabar.

Da ta ji sunan Musa ta yi tsaki. "Wannan ko sunansa ba Musa ba ne." Ta ci gaba da yanka. "Malamar taki ta sani?"

Na ce a'a.

"Mahaifinki?"

"A'a."

"To wa kika gaya wa?"

Na ce, "Allah."

"Madalla. Shi ya sani tun ba ki buɗe baki ba. Ita matar fa, gaibu ta sani?"

Na ce ba zan iya ba. A wurinmu ɗalibi ba ya kiran malami ya kawo masa uzuri, balle Malama Zainabu. Kuma ko na kira, me zan ce ta yi? Ba ita ke riƙe da mabuɗin taga ba.

Nene Kumba ta ajiye wuƙa. "Saurara, 'yar gabas. Ni na gane ki don haka uwata ta rene ni. Ita wannan Balarabiya ce, tana can birni, ba za ta hango leɓenki daga can ba. Gobe tsohuwa za ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarma da ciwon gwiwarta, ta zauna tana kallon ƙofa. Ta jira, ta jira. A ranta za ta ce yarinyar nan ta raina ni a zaman ƙarshe. Wannan ce kunyar da Innarki ta koya miki?"

Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Tunda aka rufe tagar kaina nake gani a tsaye a bakin ƙofa, ban ga mai zaune a ciki ba.

Na wanke hannu, ƙarnin nama bai fita ba. Na shiga ɗaki da waya, Nene Kumba ta biyo ni ta tsaya a kaina, wai kada in gudu ta taga.

Malama da kanta ta ɗauka. Na gaishe ta, na yi mata barka da Sallah, na sake gaishe ta. Ta ce, "Ramatu, faɗi abin da ya sa kika kira."

Na faɗa. Muryata na karyewa, Larabcin na zubewa, amma na kai ƙarshe. 

Ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun Talata."

"Yau Juma'a."

"Na'am, Malama."

Nene Kumba ta zungure ni da gwiwar hannu. Na rufe ido na yi abin da ban taɓa yi ba, na roƙi babba. Na ce, "Malama, ko zan karanta miki ta waya?"

Ta ce, "A'a. Ban karɓi karatu daga malamina ta waya ba, ba zan ba da shi ta waya ba. Sai na ga bakin mai karatu."

Na ce, "To, Malama." Na ji ɗakin ya yi mini faɗi. Baffa na gani a filin idi, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu.

Ta ce, "A gidan wa kike?"

Na ce gidan wata baiwar Allah ce mai sayar da nono.

"Ba ta wayar."

Ashe Nene Kumba na jin Larabcin mutanen hayi, da shi take ciniki. Ta karɓa ta fita tsakar gida tana magana da ƙarfi, da sauri, irin wanda ba na kamawa. Na tsinci sunana, na tsinci sunan kogi, na tsinci kalmar yunwa, na ji kamar in nutse. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tunda na san Malama: dariyarta, siririya, tana fitowa daga wayar. Nene Kumba ta dawo ta miƙo mini, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Na ce, "Na'am, Malama."

Ta ce, "Asabar na ce miki, kuma ba zan canza ba. Kayana a ɗaure suke, garinmu ba shi da nisa da kogin nan, ni kuma ba na bukatar biza in haye. Zan taso gobe maimakon jibi. Kwalekwale ne ba na shiga, don haka ki tsaya a bakin jirgi ki kama mini hannu wurin sauka. Ki ci abinci, ba na sauraron mai jin yunwa. Kuma ki duba Suratul Fajri, in na ji kina tilawa, kullum a nan kike sauri."